Likkafanin da Ya Faɗa Bahon Rini

Kun sha ji a bakin dangin babanku cewa uwarku ta rina likkafaninta ta ɗaura ta je suna, kuma wai ta zaɓi bahon rini ta bar 'ya'yanta. Maganar farko da gaskiya a cikinta, sai dai ba ni na rina ba. Ta biyun ce ta sa na zauna faɗin wannan, musamman saboda kai Nura da ke Hadiza, ku da aka tafi da ku kuna ƙanana kuka tashi da guntun labari. Yayarku Bilki ta ga komai da idonta, amma Bilki halin babanta ta ɗauko, sai a kwana a wuni ba ta ce uffan ba.

A Agege aka haife ni, nan aka yanke cibiyata. Babana fataucin goro ya kawo shi, ya zauna bai koma ba, ni kuwa na iya Yarbanci tun kafin in iya ɗaura zane. Babanku, Malam Umaru, shi baƙo ne, daga ƙasar Kabi ya zo, dillalin albasa a kasuwar Mile 12. Muna zaune a gidan haya a bayan layin dogo, irin gidan nan mai ɗakuna suna kallon juna, tsakar gida ɗaya a baya, igiyar shanya ɗaya, kowa ya san abin da kowa ya dafa. A ɗakin ƙarshe akwai wata tsohuwa Bayarabiya, Iya Sikira, mutuniyar Abekuta, Musulma, mai rinin adire da kamfala. Ita ta cinye rabin tsakar gidan da bahunanta, kuma na sha faɗa da ita kan ruwan rini da ke malalowa har bakin murhuna. Da Yarbanci muke magana. In ta so tsokana sai ta juya Hausa, Hausar da ba ta san mace ba ta san namiji ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, mutane suna ta murna wai an samu sauƙi. Kafin shekarar ta ƙare rikicin ƙabilanci ya ɓarke a kasuwar su babanku. Da safiyar ranar aminin babanku, Mamman Dogo, ya biyo masa kamar kullum. Na miƙa masa koko, ya sha rabi a tsaye ya ajiye kofin a bakin ƙofa, ya ce sun makara, motar albasa ta iso tun jiya. Babanku bai dawo ba sai washegari, ba takalmi, ba hula. Mamman Dogo bai dawo ba. Da na zo share bakin ƙofa na tarar da kofin nan, kokon ya daskare, ƙudaje sun cika shi. Na ɗauka zan wanke, hannuna ya ƙi. Mutum ya sha rabi ya bar rabi, shi ke nan, an gama da shi. Ban ga gawa ko ɗaya ba a rikicin nan, kofin ne ya kama ni.

Na san mutuwa rigar kowa ce, tun ina makarantar allo nake ji. Amma daga ranar sai ta zama tawa ni kaɗai. Ina cikin tuƙa tuwo zuciyata za ta buga, in saki muciya in dafe ƙirji in tsaya ina sauraro, ko wannan bugun ne na ƙarshe. Na daina shiga danfo, motar hayar nan ta Legas. Na daina zuwa gaisuwar mutuwa, har aka fara cewa Ladi ta yi girman kai. In na ji wani ya yi salati da ƙarfi a waje, ko da akuya ce ta ɓarar masa da gari, sai in shige ɗaki in turo ƙofa. Na je asibiti aka auna ni ciki da bai, aka ce lafiyata lau. Na sha rubutu har cikina ya gaji. Abin da ya fi ci mini rai kunya ce, don a wurinmu Musulmin da ke tsoron mutuwa haka ana ganin imaninsa ne ya yi rauni. An ce tsoro na daji, kunya na gida, ni duka biyun suka same ni a ɗaki ɗaya. Sau ɗaya na gwada gaya wa babanku. Ya saurara, ya ce da Hausarsu ta Kabawa:

"Ladi, tsoro ba shi hana ta zuwa. Ki yi ta istigifari."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushinsa kamar in jefe shi da ludayi. Shi da ya kwana a ƙarƙashin mota yana jin ihun mutane, ga shi yana cin tuwonsa yana lashe hannu. Ni da ke gida ban ga komai ba, ni ce na lalace.

Wata rana na ce wa kaina ba a fafe gora ranar tafiya. Na daure na je kasuwar Agege na sayo farin yadi, na ninke na tura can ƙasan akwati, ban gaya wa kowa ba. Na zaci in na shirya zan samu natsuwa. Ina! Sai ya zama kamar na ajiye maciji a ɗaki. Ko wucewa zan yi ta gefen akwatin sai na raɓe. Haka muka zauna da shi har damina ta kankama, kuma kun san damina a Legas, ko takalmi ka ajiye sai ya yi fumfuna. Da na buɗe akwati neman wani zane, na ga yadin ya yi ɗigo-ɗigo baƙi. Na ce ko ba komai ba za a naɗe ni a ƙazanta ba. Na bari babanku ya fita, na wanke shi na shanya a igiyar baya. Da yamma zazzaɓi ya rufe ni, na yi kwanaki a kwance, na zaci Bilki ta kwashe shanyar.

Da na miƙe na duba akwati, babu. Na tambayi Bilki, ta ce ita ba ta ga wani fari ba. Na fita baya na sami Iya Sikira a kan kujerarta 'yar tsugunne tana tsefe zaren buhu, wanda da shi take ɗaure yadi kafin ta tsoma.

"Iya, ba ki ga wani farin yadi a igiya ba, ranar da aka yi ruwan nan?"

"Naki ne? Na kwashe shi da nawa. Na tambayi masu kawo mini aiki, kowa ya ce ba nasa ba. Na ce to Allah ne ya ba ni. Ga shi can."

Ta nuna da haɓa. A kan igiya na ga wani abu baƙi-ƙirin a cukurkuɗe, ƙulli a kan ƙulli, yana ɗigar da ruwa, kamar kayan cikin rago. Na ce mata:

"Iya, likkafani ne."

Zaren ya faɗi daga hannunta. Tsohuwar nan, sa'ar uwata, ta zube a gwiwa a cikin caɓi, tana salati, tana ba ni haƙuri.

"Wa ya rasu? Mama Bilki, wa ya rasu ban ji ba?"

"Ba kowa. Nawa ne."

Ta tsaya. Ta dube ni daga ɗankwali har silifa. Ta tambaya ko likita ya gaya mini wani abu, na ce a'a. Sai ta dafa baho ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta juya Hausa:

"Kai ne gawa? Gawa yana wanki, yana shanya?"

Na zage ta. Ban taɓa zagin babba ba sai ranar, kuma da Yarbanci na yi don ya shige ta sosai. Daga zagi na koma kuka, daga kuka na amayar mata da komai, kofin Mamman Dogo, ƙirjina, akwatin da nake raɓewa. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ja mini aya ba. Ta shiga ɗaki ta fito da reza ta miƙo mini.

"Tunda naki ne, ke za ki kwance. Idona ya mutu. In kika yanke yadin, ba ruwana."

Na karɓa don haushi, ba don komai ba. Da ya sha iska na zauna na fara. Kowane ƙulli an naɗe shi da zare tamau, a cikinsa akwai ƙwayar dawa ko ɗan dutse. Dole ki sa bakin reza a kan zaren daidai, in kika kauce kaɗan kin huda yadi. Ki yanke, ki warware, ƙwayar ta faɗo, sai ki ga farin zobe a wurin da rini bai samu shiga ba. Na yi ɗaya, na yi biyu, na ce bari in ga na gaba. Ban ankara ba sai na ji kiran la'asar. Abin da na fara lura da shi, tun hantsi hannuna bai je ƙirjina ba. Rabon da in yi wuni irin wannan tun kafin rikici. Muka kama yadin ni da Iya, ita gefe ni gefe, muka ja ya buɗe. Shuɗi mai duhu, da manyan zobba da ƙanana birjik. Ta ce a wurinsu manyan wata ne, ƙananan 'ya'yan itace. Na tsaya ina kallon abin da na yi watanni ina tsoron taɓawa, kuma wallahi kyau ya yi mini.

Washegari ba wanda ya kira ni, na ɗauki kujerata na koma wurinta. Ta yi kamar ba ta gan ni ba, can ta turo mini wani tsumma da zare. Haka na fara. Na ɓata yadi ba kaɗan ba, ta zage ni ba kaɗan ba. Ɗaurina na farko sako-sako ne, rini ya shige ko'ina, ta ɗaga shi tana nuna wa 'yan gida tana cewa ku zo ku ga dare ba wata. Sodar da ake haɗa rini da ita ta cinye mini fatar yatsu. Na koyi cewa yadi in ya fito daga baho ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juya a gaban idonki. Na koyi cewa duk iyawarki ba ki san abin da kika yi ba sai kin kwance. Da hannuna ya faɗa sai na gaji da watanta da 'ya'yan itacenta. Na ɗauki allura na fara ɗinke zanen dagi irin na wuyan rigar babana, in ja zaren ya tattare, in tsoma. Ranar da na farko ya fito Iya ta juya shi gaba da baya, ta ce Hausawa ba sa iya yin abu a miƙe sai sun murɗa, sannan ta ninke shi ta sa a ɗakinta ba ta dawo mini da shi ba.

Kada ku zaci tsoron ya tafi. Bai tafi ba, har yau yakan leƙo. Sai dai a da yakan tarar da ni zaune hannu sake, ya haye ni. Yanzu in ya zo yakan tarar da reza a hannuna, dole ya jira. Wani abin kuma, na samu dalilin son gobe. In na tsoma yadi da yamma, ba ni da burin da ya wuce gari ya waye in kwance in ga me ya fito. Macen da ta yi watanni tana ganin ba za ta kai gobe ba, ga ta tana Allah-Allah gobe ta yi. Na fara cin abinci. Na shiga danfo na je har Oshodi sayen garin rini, na dawo ban mutu ba.

Zancen suna kuwa, ga yadda aka yi. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce yadin da ba a naɗe kowa da shi ba yadi ne kawai. Na kai wa tela ya kashe bakinsa, na ɗaura na je sunan wata maƙwabciya. Mata suka yi ta taɓawa suna tambayar inda na saya. Bakina ya yi mini kaikayi na gaya wa ɗaya, na ce kada ta faɗa. Kafin a raba waina duk Agege ta ji. Wasu suka ce saɓo ne, wasu suka ce iska ce ta taɓa ni, wasu suka ce na zama Bayarabiya, su da suke biki in an mutu. Babanku ya ji a masallaci. Ya dawo ya kama hannuna ya juya, farce baƙi, tafi shuɗi har wuyan hannu.

"Mata na ƙunshi, ke kina baban rini. Mi ar ribar wanga abu? Rini aikin maza na, kuma ba gidanmu ba."

Na ce masa an ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ni zama da mai rini baƙin hannu ya kawo mini, kuma alwalata tana yi, na tambaya. Bai hana ni ba. Ku riƙe wannan game da babanku, ya ga na miƙe, ya ga ina dariya, ya haɗiye abin da ake gaya masa a waje.

Ba a cika shekara da na farko ba aka sake wani rikicin. Wannan karon har unguwarmu ya taɓa, muka yi kwanaki a kulle, Iya Sikira ce ke fita ta sayo mana abinci. Da ƙura ta lafa babanku ya zaunar da ni da rana tsaka, ya ce ya gama da Legas. Zai koma gida ya riƙa sayen albasa a gona yana turo wa abokansa, ya zo jefi-jefi. Ya ce in haɗa kaya.

Na san garinsu, na taɓa zuwa wankan jego na Bilki. Mutanen kirki ne, gidan malamai, mace ba ta leƙa ƙofar gida. Ɗaki ɗaya, tabarma, katanga, wuni mai tsawo kamar ba zai ƙare ba. Na tambaye shi ko za a bar ni in kafa baho a can. Bai yi mini ƙarya ba, ya ce ko a mafarki. Nan na ga kaina a ɗakin nan, hannu sake, na dafe ƙirji ina sauraro. Ba zato nake ba, na san abin da ke jirana, don daga cikinsa na fito kuma ban yi nisa ba. Na ce:

"Malam, in ka kai ni can, ba mata za ka kai ba. Wadda ka gani bara ita za ka kai, kuma wannan karon ba za ta tashi ba."

"Nan ana kashe mutane, Ladi."

"Na sani. Ni nawa a cikin ɗaki yake kashe ni."

Sannan ya ce ba zai sake ni ba, ba zai ja ni dole ba. Bilki ta zauna da ni ta ƙarasa sakandare. Amma ƙananan ba zai bar su inda ake farautar mutum da harshensa ba, da su zai tafi wurin mahaifiyarsa. Na yi roƙo, na yi faɗa, na turo manya. Manyan suka ce 'ya'yansa ne, kuma dalilinsa dalili ne. Ni ma a raina na san dalili ne. Aka bar mini zaɓi, in bi ku in kwanta a gabanku kuna kallo, ko in zauna in zama uwar da za ku zo ku tarar a tsaye. Na zaɓi na biyu. Na san za a gaya muku wani abu daban, kuma an gaya muku.

Na raka ku tasha da safe. Kai Nura murnar shiga babbar mota ta hana ka ko waiwaye, ka riga kowa hayewa ka kama taga. Ke Hadiza kika riƙe yatsana kika ƙi saki, sai da babanku ya ɓamɓare hannunki a hankali. Ban yi kuka a tasha ba, don kada ki gani ki ƙara. Na tsaya har motar ta sha kwana, na tako gida da ƙafa. Na tarar Iya ta riga ta haɗa ruwan rini, shi kuwa in an haɗa ba ya jiran kowa. Na ɗaura tsohon zanena, na durƙusa a bakin baho, na tsoma hannu, sai kukan ya zo. Iya ta bar ni na yi mai isata. Can ta ce da Hausarta:

"Juya fuska. Kada ka ɓata mini ruwa."

Na juya fuska, hannuna na cikin baho, na ci gaba da matsa yadin. A nan durƙushe na roƙi Allah tsawon rai. Na sha roƙonsa a shekarar nan, amma kullum don tsoron kabari nake yi. Ranar don ku na roƙa, na ce ya bar ni in kai lokacin da za ku girma ku zo da ƙafarku ku tambaye ni. Kun zo, kun yi aure, kun haihu, ba wanda ya tambaya. Shi ya sa na faɗa da kaina.